Madarar da aka cika wa ruwa

Duk mai jin Hausa ya san almajiri. Yaro ne da ya bar ɗakin uwarsa ya bi malami zuwa garin da bai san kowa ba, inda malam ya sauka nan zai kwana, abin da ya samu shi zai ci. Kalmar daga Larabci ta zo, asalinta mutumin da ya yi ƙaura. To, da wannan kalmar ce Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932, yake kiran mutanen da suka bi Yesu. Bitrus da Andarawus sun bar tarunsu a bakin teku, Matiyu ya tashi daga teburin karɓar haraji, aka kira su almajirai. Mu ma duk Lahadi muna kiran kanmu almajiransa, muna rerawa a waƙa. Sai dai in muka faɗi kalmar a cikin majami'a ba ma jin nauyinta kamar yadda muke ji in mun faɗe ta a bakin titi. A titi mun san almajiranci yana nufin barin wani abu da kike so. A majami'a kuwa ya koma suna kawai, kamar sunan unguwa.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi 'yan'uwana ne Musulmi, wasunku ma mun yi aikin dare tare, mun ci tuwo a kwano ɗaya. Ni Kirista ce, kuma yau da iyaye mata Kirista nake magana, a kan abin da ke damuna game da mu kanmu. Amma ku zauna ku ji, domin tambayar da zan yi tana ƙwanƙwasa ƙofar kowace uwa: wane irin addini muke shayar da 'ya'yanmu?

Bari in fara da abin da nake gani a wurin aiki. A ɗakin awon jarirai akwai irin jaririn da duk nas ta sani. Uwarsa ba ta da isasshen nono, ko ta rasu, ko aiki ya raba su da rana, aka koma madarar gwangwani. Ƙa'idar yawancin irin wannan madara ita ce cokalin da ke cikin gwangwanin ɗaya, a shafe bakinsa, ga ruwa mililita 30. Amma gwangwani ya yi tsada, sai uwa ta rage gari ta ƙara ruwa domin ya kai ƙarshen wata. Launin madarar fari ne kamar kullum. Yaro ya sha, cikinsa ya cika, ya yi shiru, ya yi barci, kowa a gida ya ce ai yana ƙoshi. Sai an zo awo sikeli ya tona asiri: wata biyu, wata uku, layin da ke kan katinsa ya ƙi hawa. Wani kafin a ankara tamowa ta kama shi, an ɗaura masa ma'aunin dantse ya faɗa cikin ja, ƙasa da santimita 11.5. Irin wannan yaro zazzaɓin da ɗan maƙwabta zai yi kwana uku ya tashi, shi sai ya kwantar da shi a gadon asibiti. Ba na zargin uwar, talauci ne ya matse ta, kuma da ƙauna ta dama abin da ta ba shi. Amma jikin yaro bai san niyya ba, abin da ke cikin kofin ya sani.

Ina tsoron haka bangaskiyar da yawancinmu ke ba yara ta zama. Launinta daidai ne. Ana zuwa sujada, ana sa anko ranar Zumuntar Mata, ana addu'a kafin a ci abinci, an liƙa aya a bayan mota. Amma ku saurari shaidar da ake bayarwa a gaban ikilisiya. Wannan ta sami aiki, wancan ya sayi mota, ɗan wance ya sami biza. Mu yi guɗa, kuma daidai ne mu gode wa Allah, ni ma na sha tsayawa na gode. Yaushe rabon da ki ji wata ta tashi ta ce, “An hana ni ƙarin girma don na ƙi sa hannu a takardar ƙarya, ku taya ni gode wa Ubangiji”? Yaron da ya girma yana jin shaida iri ɗaya tak zai ɗauka cewa bin Yesu hanya ce ta samu. Ranar da bin ya zo masa da asara, zai ce an yaudare shi.

Alhali Yesu bai yaudari kowa ba. A Luka sura 14 taro mai yawa na biye da shi, maimakon ya yi murna da yawansu sai ya juya ya gargaɗe su, ya ba su misalin mai niyyar gini wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafi, kada ya zuba harsashi ya kasa ƙarasawa. Saurayin nan mai dukiya da ya zo da tambaya ya ji amsar ta yi masa nauyi, ya juya ya tafi, Yesu kuma bai bi shi da ragi ba. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. Mu muna so a kawo mana zomon a dafe.

Wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, ya rubuta littafi a kan wannan magana a 1937, lokacin da yawancin ikilisiyoyin Jamus suka zaɓi su zauna lafiya da Hitila. Ya kira abin da suke wa'azinsa alheri mai araha, wato a yi wa mutum albishir da gafara ba tare da an kira shi ga tuba ba. A 1939 ya sami hanyar zuwa Amurka inda babu mai taɓa shi, amma bayan 'yan makonni ya koma gida, domin ya ga bai dace ya tsira shi kaɗai ba alhali mutanensa suna cikin wuta. Aka kama shi a 1943, aka rataye shi ranar 9 ga Afrilu 1945 a sansanin Flossenbürg, yana da shekara 39, saura wata ɗaya yaƙi ya ƙare a Turai.

Amma ba sai mun je Jamus ba. Mu ma'aikatan jinya muna da namu labarin a nan gida, kuma kowace uwa ta san sunan cutar ko da ba ta san mutanen ba. A Janairun 1969 wata nas 'yar mishan mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa, a ƙasar Borno. Aka ɗauko ta zuwa asibitin mishan na Jos, wanda muke kira Jankwano, ta rasu a can. Nas ɗin da ta yi jinyarta, Charlotte Shaw, ta kamu ita ma ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, ta kamu aka kai ta Amurka, ta sha da ƙyar, kuma da ta warke ta dawo Jos ta ci gaba da aiki. A 1970 cutar ta sake ɓarkewa a Jos. Likitar asibitin, Jeanette Troup, wadda ta ga mutuwar abokan aikinta da idonta, ta tsaya tana duba marasa lafiya, har ta yanke a hannu tana binciken gawa domin a gane abin da ke kashe mutane. Ita ma ta rasu. Daga sunan wancan gari aka sa wa cutar zazzaɓin Lassa. Duk lokacin da aka kawo mana wanda ake zargin yana ɗauke da ita, na ga kowa yana laluben dalilin barin ɗakin, nakan tuna waɗannan mata. Suna da ƙasar komawa, suna da hanyar komawa, suka zauna.

Kakata ba ta taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ta san lissafin. A wani ƙauye a kudancin Katsina ta tashi, cikin Maguzawa, kuma sana'arta dafa giya, kamar yawancin matan gidansu. Da ita take sayen zane, da ita take yi wa 'ya'yanta kayan ɗaki. Da ta karɓi bishara ta nemi baftisma, ikilisiyarsu ba ta yarda da giya ba, sai ta kife tukwanenta ta koma yin daddawa, wadda ribarta ba ta kai rabin ta dā ba. Da ƙaramin ɗanta ya kwanta ciwo, dangin miji suka ce a yanka baƙin akuya a yi wa iskoki, ta ƙi. Yaron ya rasu. Shekaru suna cewa ita ta kashe shi, kishiyarta ta daina cin abincin da ta dafa. In tana ba mu labarin ba ta ƙara masa gishiri, kuma ban taɓa jin ta ce Allah ya mayar mata ninki goma ba. A ɗakin laka ta rasu. Abin da ta bar mana shi ne mun ga mutum da idonmu wadda bangaskiyarta ta ci mata kuɗi da suna, kuma ba ta yi nadama ba.

A zamaninmu kuwa sunan da ke bakin kowa shi ne Leah Sharibu. Ranar 19 ga Fabrairu 2018 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar kwana ta Dapchi a jihar Yobe. Ranar 21 ga Maris suka dawo da mafi yawansu, biyar sun rasu a hannunsu. Leah, mai shekara 14, aka riƙe ta, kuma ƙawayenta da suka dawo su ne suka faɗa cewa an ce ta bar addininta ta ƙi. Shekara ta bi shekara mahaifiyarta tana jira. A Janairun 2020 kuma aka kashe Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, shugaban ƙungiyar Kiristoci a Michika, bayan ya yi kwanaki a hannun waɗanda suka sace shi. Waɗannan masu bindiga sun kashe Musulmi da Kirista, sun ƙona masallaci da majami'a, kuma uwayen Dapchi da na Chibok hawayensu iri ɗaya ne.

Wata rana bayan an yi wa Leah addu'a a makarantar Lahadi, 'yata ta fari, tana da shekara tara a lokacin, ta same ni ina tsince shinkafa ta ce, “Mama, in ni aka kama, me kike so in ce musu?” Na daɗe ban ɗago kai ba. Duk uwar da ta yi naƙuda ta san amsar da cikinta ke bayarwa: ki faɗi duk abin da suke so, ki dawo mini. Na kuma san amsar da na yi shekaru ina rerawa a waƙa. Abin da na iya gaya mata shi ne, ko me ta faɗa a gaban bindiga ita 'yata ce, kuma Yesu da ya karɓi Bitrus bayan ya yi musunsa sau uku ba zai rufe mata ƙofa ba. Na ce mata kuma abin da Leah ta riƙe gaskiya ne, ya cancanci a riƙe shi, kuma ina roƙon Allah kada ya kai mu wannan rana. Har yau ba ni da bakin zargin wata yarinya da aka tilasta wa a daji, kuma duk wanda ke kwance a kan katifa yana yanke musu hukunci ya ji tsoron Allah.

Tambayarta ta bar ni da wani tunani da ya fi tsoron bindiga kusa da ni. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yarinya 'yar shekara 14 ba a daji ta koyi cewa a'a ba, ta koya ne a wani gida, a hannun wasu iyaye, a kan ƙananan abubuwa. Yawancin 'ya'yanmu, da yardar Allah, ba za a taɓa ɗora musu bindiga ba. Kuɗin almajirancinsu da namu a canji ake karɓarsa, kaɗan-kaɗan, kusan kowane mako. Kuma a nan ne muke ƙara ruwa.

Lokacin jarrabawar WAEC ko NECO ya zo, aka ce a kawo kuɗi a kai yaro cibiyar da ake rubuta amsa a allo. Uwa ta biya, ta kuma shiga azumin kwana uku domin sakamako ya yi kyau, ya fito ta je ta ba da shaida. Yaron yana kallo. Ya koyi cewa Allah da satar amsa suna iya zama a gida ɗaya. An je kotu an rage wa yarinya shekara uku a takarda domin neman aiki, an rantse a kai. An sayar da fili an sayi gurbin aikin gwamnati, aka kira shi buɗi. 'Yar aikin da muka ɗauko daga ƙauye da alkawarin makaranta tana wanke kayan makarantar 'ya'yanmu, ita ba ta taɓa shiga aji ba, kuma ita ke goyon jariri a waje lokacin da muke ciki muna sujada. Mudun da muke saye da shi daban, wanda muke sayarwa da shi daban. Matar wa da muka yi shekara huɗu ba ma gaisawa, muna cin Jibin Ubangiji a layi ɗaya. Kowanne daga cikin waɗannan yana da farashi in aka gyara shi: yaro zai iya faɗuwa ya maimaita shekara, aikin zai iya wucewa, kuɗin makarantar 'yar aiki zai fito daga kuɗin anko, kuma wadda ta fara gaisuwa za a ce ta sauko.

Na yi aiki da wata babbar nas a wani asibiti, uwar yara huɗu, mijinta ya rasu. Aka kawo mata takarda ta sa hannu cewa an karɓi kwalayen magani da ba su taɓa shigowa sito ba. Ta ce ba ta gani ba, ba za ta sa hannu ba. Babu wanda ya zage ta. Bayan wata biyu sai takardar canjin wurin aiki ta fito, aka tura ta wani ƙaramin asibiti da sai ta hau mota biyu da babur kafin ta isa, kuɗin mota yana cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na albashinta. Wasu a cikinmu suka ce taurin kai ne, mai marayu ba ta faɗa da manya. Ba a dawo da ita ba, ba a ba ta lambar yabo ba, waɗanda suka kawo takardar kuma suna nan. Amma 'ya'yanta sun san dalilin da ya sa uwarsu take fita kafin gari ya waye, kuma ina ganin wannan ya koya musu abin da shekara goma ta makarantar Lahadi ba za ta koya ba.

Sai dai a matsayina na nas dole in ja layi, domin na ga yadda ake murɗe wannan koyarwa a cuci mata. Na ɗinke goshin matar da mijinta ya fasa, tana ce mini gicciyenta ne. Duka ba gicciye ba ne, laifi ne, kuma mace ta tsira da ranta da na 'ya'yanta ba rashin bangaskiya ba ne. Na ga mai hawan jini da ta zubar da ƙwayoyinta don an ce mata shan magani shakka ne, aka kawo ta da shanyewar ɓarin jiki. Na ga wadda ta kai kuɗin makarantar yara wurin mai wa'azin da ya yi mata alkawarin ninki ɗari. Wahalar da ta zo miki don kin ƙi yin ƙarya, ko don kin tsaya wa mara ƙarfi, ita ce ta almajiranci. Wadda wani ya ɗora miki don ya ji daɗi ko ya cika aljihunsa, zalunci ne, ki nemi taimako.

Haka kuma tsayawa a kan bangaskiya ba ya nufin ɗaure wa maƙwabciya fuska. Mai sauƙi ne a zauna a WhatsApp ana tura saƙonnin tsana da sunan kishin addini, wannan ba ya cin ko sisi. Abu mai tsada shi ne umarnin a ƙaunaci wanda ya cuce ki, a yi masa addu'a. A Yunin 2018, lokacin da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a jihar Filato, wani dattijon limami, Malam Abubakar Abdullahi, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa, ya fita ya tare maharan da kansa. Nakan ba 'ya'yana labarinsa, in tambaye su: da masu gudun Musulmi ne, ƙofar da ke kusa kuma tamu ce, za mu buɗe? Ina so su girma sun san amsar tun kafin a buga ƙofar.

Ba ina cewa mu je neman wahala ba, ko mu ji kunyar gida mai kyau da abinci mai daɗi. Ni ma ina son 'ya'yana su yi karatu, su sami aiki, su tsufa cikin salama, kuma ina roƙa musu wannan kowane dare. Abin da nake cewa shi ne mu bar su su ga inda bangaskiyarmu take cin mana wani abu. In kin ƙi biyan kuɗin cibiyar satar amsa, ki zaunar da yaron ki gaya masa dalili, ki kuma gaya masa in ya faɗi za ku sake zama tare. In kin mayar da canjin da aka yi kuskuren ba ki, ki mayar a gabansa. In za ki je neman sulhu da wadda kuka ɓata, ki tafi da 'yarki ta ji yadda ake cewa a yi haƙuri. A Zumuntar Mata kuma mu ba da wuri ga shaidar wadda ta yi asara saboda gaskiya, mu yi mata guɗa kamar yadda muke yi wa mai sabuwar mota, mu kuma haɗa mata kuɗin mota in an tura ta nesa.

Ina so in ji daga gare ku, Kirista da Musulmi. Wane abu ne kika taɓa rasawa saboda kin ƙi karkacewa, kuma 'ya'yanki sun san labarin? In ba su sani ba, ki ba su a daren yau bayan an ci tuwo. Allah ya raya mana su, ya kuma dawo da duk 'ya'yan da ke hannun masu bindiga ga iyayensu.